Soron Magina da Zanzaron Ƙarfe

Da hantsi ya dubi ludayi, zanzaro dubu takwas suka tashi daga sheƙarsu a lokaci guda. Ba irin zanzaron da ke gini a kusurwar ɗaki ba ne. Na ƙarfe ne, kowanne bai fi kurciya girma ba, da fukafukai huɗu masu shan hasken rana da ɗan baki kamar cokali. Suka sauka a ramin kwaɓi, kowanne ya ɗebi lomarsa ta ƙasa, suka nufi bangon gabas na Soron Magina. Kafin a manna komai, sai na gaba ya sauka a jikin bangon, ya ƙwanƙwasa sau uku da ƙafarsa, ya yi shiru kamar mai jiran a amsa masa sallama. Sannan sauran suka hau yaɓe.

Wannan a Birnin Marke ne, cikin shekara ta 2094. A lokacin birnin ya riga ya haye sama. Benaye masu hawa sittin da saba'in sun kewaye tsohon gari, tasin-sama suna kai da komo a tsakaninsu, mutum sai ya yi wata guda bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. A tsakiya aka bar gidajen ƙasa ashirin da bakwai, kamar tsofaffin tukwane a ɗakin da aka cika da tangaran. Mafi girma a cikinsu shi ne Soron Magina. Kakan kakan Sarkin Magina Nomau ne ya gina shi da tubali da azara, ya ɗora masa rufin bakan gizo wanda mutum ɗari biyu za su zauna a ƙarƙashinsa. Shekara ɗari biyu da hamsin zuriyar tana zaune a gidan, kowace bazara suna yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Injiniya Tabawa, 'yar Nomau, ita ta ƙera zanzaron. Da ta ga magina sun ƙare, 'ya'yansu duk sun koma aikin kwamfuta, sai ta ɗinka wa mahaifinta safar hannu mai ɗauke da ƙananan na'urori, ta sa mata suna safar-ji. Duk abin da hannun tsohon ya yi, safar tana ɗauka: yadda yake murza ƙasa a tsakanin yatsu, nauyin da yake sa wa tafin hannu, inda yake sauri da inda yake tsayawa. Shekara uku yana aiki da ita. Abin da aka tara aka zuba shi a Rumbu, wato babbar ma'ajiyar da zanzaron ke karɓar umarni daga gare ta. Nomau kuwa ba mai yawan magana ba ne. In ka tambaye shi dalilin abu sai ya ce maka, "Haka ake yi," ya ci gaba da aikinsa. Saboda haka injin ya gaji abubuwa da yawa waɗanda ita kanta mai injin ba ta rubuta ba, kuma ƙwanƙwasar nan tana cikinsu.

To, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aiki ya yi kyau, sai Dakta Zailani, shugaban hukumar da ke kula da tsofaffin gine-ginen birnin, ya fito da takarda ya ce Soron Magina ya zama kayan tarihi, za a mayar da shi babban zauren taro na zamani, mazauna cikinsa su tashi. Aka kwashe su aka kai hawa na arba'in da ɗaya a wani bene. Ranar da ake bikin karɓar gidan, Nomau ya zo da rigarsa ta aiki, ya miƙa hannu zai shafa bangon da ya yi shekara sittin yana shafawa. Zailani yana riƙe da lasifika, bai ko sauke ta ba, ya ce, "A janye mini tsohon nan kada ya ɓata bangon. Zamanin masu kwaɓa taɓo ya wuce." Aka kwashe da dariya. Masu gadi biyu suka kama tsohon ta hammata suka fitar da shi ta ƙofar da aka haife shi a bayanta.

Wata bakwai ya yi a saman bene, sannan ya rasu. A jikin allon tagulla da aka kafa a ƙofar soron an rubuta cewa zanzaro ƙirar Dakta Zailani ne da ma'aikatansa.

Tabawa ba ta ajiye aiki ba. Mutane suka yi ta cewa yarinyar nan ba ta da zuciya, ga ta kullum tana rusuna wa wanda ya wulaƙanta ubanta, tana "ranka ya daɗe". Ba su san ta tsani mutumin nan ba, tsana irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Jira kawai take yi, don ta san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bangon ya tsage mata ne a safiyar da muka fara da ita. Tana tsaye tana duba allon hannunta, sai ta ga zanzaron sun kai wani yanki na bangon da ke ƙyalli daban da saura. Na gaba ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya sake ƙwanƙwasawa. Sai kawai dukansu suka zubar da ƙasar bakinsu suka hau kankare ƙyallin. Ba a yi minti goma ba aka kira ta ofis.

Ta sami Zailani yana zagaye teburinsa, hula a ƙeya.

"Injiniya, injinki ya haukace ne? Sulke nake gwadawa a wurin nan, shi kuma yana kankare mini!"

"Ranka ya daɗe, ban san an shafa wani abu ba."

"Ai ba sai kin sani ba. Sulke kenan." Ya ɗaga wata kwalba mai ruwa garai-garai. "In aka fesa wa bango wannan, an gama. Ruwa ba zai shiga ba, ƙura ba za ta fita ba, ba sauran yaɓe har abada. Zan sa esi a ciki ya sanyaya wurin, in shimfiɗa daɓen gilashi. Baƙi za su zo daga ƙasashe, ba zan yarda ƙasa ta riƙa zubo musu a kan kwat ba. Me ya sa injin ke ƙi?"

Tabawa ta san amsa sarai. Ginin ƙasa ba ya son a toshe shi. Da damina yakan sha danshi daga ƙarƙashi, ta tushensa, danshin ya hau cikin tubali a hankali. In rana ta fito sai bangon ya fitar da shi ta jikinsa kamar yadda mutum ke gumi. Shi ya sa magina ke shafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da jar ƙasa. Makuba tana hana ruwan sama shiga, amma ba ta hana gumin fita. Sulke kuwa zai hana duka biyun. Danshin zai hau, ya rasa hanyar fita, sanyin esi daga ciki ya ƙara masa, ƙasar ta yi ta narkewa a ɓoye a bayan ƙyalli.

Jimla uku sun isa ta faɗi wannan. Ta buɗe baki, sai ta tuna hannun mahaifinta a miƙe da dariyar mutane. Ta rufe.

"Camfin tsofaffi ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Injin ya kwaso shi daga hannun Baba."

Zailani ya tafa hannu. "Na faɗa! Ai na faɗa tun farko. To a cire shi."

"Za a iya. Amma a haɗe yake da sauran. In aka cire ƙwanƙwasar, sai duk abin da aka ɗauko daga safar ya tafi, a bar injin da abin da aka rubuta masa kawai."

"Ya tafi ɗin. Har ajiyar da ke Rumbu a goge, kada gobe wani ya dawo mini da shi."

"To ina roƙon a ba ni umarnin a rubuce, da sa hannunka. Kuma a rubuta cewa Sulke shawararka ce kai kaɗai. Ba na son gobe a ce ƙaramar ma'aikaciya ta raba yabo da kai."

Ya yi murmushi har kunne. Bai taɓa jin magana mai daɗi daga bakinta kamar wannan ba. Nan take ya rubuta, ya danna babban yatsansa, ya zagayo ya tsaya a bayanta don ya ga an yi. Allon ya nuna mata fayil ɗin: Nomau, shekara uku. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata. Yatsanta ya tsaya a sama, don wannan ne kaɗai abin da ya rage na mahaifinta yana motsi a duniya. Amma ta ce wa kanta, ai ni na ƙera injin nan, na san cikinsa da bayansa, ranar da na gama da mutumin nan sai in zauna in sake rubutawa. Ta danna.

Ranar Asabar da rana ta hau bene wurin Gwaggo Azumi, ƙanwar mahaifinta, wadda ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta same ta a baranda tana ba wa yakuwarta ruwa a cikin wani tsohon bokiti. Gwaggo ba ta taɓa yafe wa Zailani ba, ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce "wancan mai hular".

"Gwaggo, ya shiga hannu."

"Wa? Mai hular?" Ta ajiye buta. "Zauna ki ba ni labari, 'yar albarka."

Tabawa ta gaya mata zancen Sulke da takardar da ta sa ya rubuta. Ta ce ta auna komai a kwamfuta. Damina biyu danshi zai yi yana taruwa, a tsakiyar ta biyun fatar bangon gabas za ta kumbura ta saɓule, domin shi ne ke shan dukan ruwa. A daidai lokacin ne kuma aka shirya taron da za a ba Zailani lambar yabo a cikin soron.

"A idon mutane?"

"A idon duniya, Gwaggo."

"Alhamdulillahi. Rama cuta ga macuci ibada ne." Sai ta dube ta. "Amma soron fa? Kin san a ɗakin kudu aka yanke cibiyata."

"Fatar ce kawai. Ƙashin ba abin da zai same shi. In an kori mai hular zan sa zanzaro su mayar cikin sati biyu."

"To Allah ya nuna mana. Amin, amin."

Zancen ƙwanƙwasa da gogewa bai fito daga bakin Tabawa ba. Ba ɓoyewa ta yi niyya ba, a ganinta wannan maganar injiniyoyi ce, ba ta tsofaffi ba.

Cikin kwana tara zanzaron suka feshe soron da Sulke ciki da waje, ba wanda ya tsaya, ba wanda ya saurara. Gaskiya dai abin ya yi kyau. Jar ƙasar ta fito tana sheƙi, zanen da ke saman ƙofa ya fito raɗau. Aka shimfiɗa daɓen gilashi, aka jera kujeru masu fassara magana zuwa harshe arba'in, aka kunna esi har sai mutum ya nemi mayafi. Zailani ya yi ta yawo a gidajen talabijin yana cewa ya kashe yaɓe kamar yadda aka kashe cutar ƙyanda. Tabawa tana bayansa riƙe da jakarsa. Kowace safiya takan ɗora na'urar awon danshi a bangon gabas, ta ga lambar ta ƙaru, ta ji wani sanyi a ranta wanda ya fi na esi.

Damina ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ta zo da ƙarfi. Cikin watan Agusta aka shiga marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba, sai a safiyar Alhamis ɗin taron ya tsagaita. Tabawa ta zo da wuri ta duba bangon gabas. Ya kumbura daidai inda ta auna, kamar cikin akuya. Ta ce a ranta, yau ce.

Ta sa an ba Gwaggo Azumi katin gayyata don ta ga abin da idonta. Wajen ƙarfe goma tsohuwar ta iso da sandarta, ta ci ado kamar mai zuwa suna. Baƙi sun cika soron, ana ta jawabai. Gwaggo ba ta shiga ba, ta tsaya a waje tana kallon zanzaro suna goge bango da ƙyalle.

"Ke Tabawa, su waɗannan sun daina ƙwanƙwasawa ne? Da in sun sauka sai na ji kamar Yaya ne ya zo."

"Na cire, Gwaggo. Da ita suke jin danshi, in na bar ta ba za su fesa Sulken ba."

Tsohuwar ta juyo gaba ɗaya. "Danshi? Wa ya ce miki danshi kaɗai yake saurare?"

"To me kuma?"

Gwaggo ta taka zuwa jikin bangon. Ta jingine sandarta, ta lanƙwasa yatsa ta bugi bangon sau uku, ta kara kunne. Ta matsa gaba ta sake. Ta zagaya bangon arewa, wanda Tabawa ba ta taɓa aunawa ba, ta sake bugawa. Da ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gara ce, 'yar nan. Gara yake saurare! In ya ji wuri ya yi holoƙo sai ya fafe shi ya zuba toka tun ba ta kai sama ba. Wannan ko'ina holoƙo ne. Shekara nawa ba a ji ba?"

"Biyu."

"Ta kai azara."

A nan lissafin Tabawa ya ƙare. Azara itacen giginya ce da ake tsagawa, ita ce ƙashin rufi da na bakan gizo, kuma kawunanta a cikin bango suke binne. Muddin a bushe take, gara ba ta iya cin ta. Amma damina biyu tana jiƙe a cikin duhu ta yi laushi, ga hanya an buɗe wa gara tun daga tushe, ba mai ƙwanƙwasawa balle ya ji. Kwamfutar ta ba da amsa daidai a kan abin da aka tambaye ta. Ba a tambaye ta gara ba, domin mai tambayar ba ta san da ita ba.

Tabawa ta ɗaga kai. A saman ƙofa wata siririyar ƙasa tana zuba a bayan ƙyallin, ba ta samun wurin faɗowa. A ciki kuwa an kira sunan Zailani, ana ta tafi.

Ta so ganin kunyarsa, ba ta so gawar kowa ba. Ta ruga da gudu ta fasa gilashin ƙararrawar gobara da gwiwar hannu. Jiniya ta ɗauka, ƙofofi suka buɗe da kansu, mutane suka yi ta fitowa suna tuntuɓe da manyan riguna. Zailani ne na ƙarshe, rungume da lambar yabonsa, yana ihu.

"Wane ɗan iska ne ya taɓa ƙararrawa? Ku koma! Ba wuta! Ku koma ku zauna!"

Bai rufe baki ba aka ji wata ƙara daga sama kamar an karya rake. Sai wata. Soron bai faɗi da sauri ba. Bakan gizon tsakiya ne ya fara sunkuyawa, sannan rufin ya bi shi, sannan bangon arewa ya durƙusa kamar raƙumi, sauran suka bi. Ƙasar ba ta tayar da ƙura ba saboda jiƙa, malala ta yi kamar kunu a kan daɓen gilashi da kujeru masu harshe arba'in. Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne Sulken. Ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci da siffar soron, garai-garai, ba komai a cikinsa, kamar saɓar maciji. Sannan ya tarwatse.

Ba wanda ya mutu. Kyamarori kuwa duk suna kunne, duniya ta gani.

Zailani ya zube a kan gwiwoyinsa cikin taɓo, hularsa ta faɗi. Tabawa ta tako a hankali ta tsaya a kansa. Shekara huɗu tana jiran wannan tsayuwar.

"Injiniya," ya ce, "ki gaya musu injin ne. Ki ce injin ne ya samu matsala."

"Injin ya hana ka, ranka ya daɗe. Har kankarewa ya yi. Kai ka ce a cire." Ta ɗaga allon hannunta, takardar ta fito da shatin yatsansa. "Shawararka ce kai kaɗai. Ba na raba yabo da kai."

Ya karanta takardar, sannan ya ɗago. "Kin sani. Tun ranar kin sani."

"Na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wanda zai faɗa maka ai ya zo. Ka ce a janye shi kada ya ɓata maka bango." Ta dubi rigarsa da ta yi kaca-kaca. "Tashi, Dakta. Taɓo ya ɓata ka."

Daɗin da ta ji a lokacin ba ƙarya ba ne, kuma ba za a ce ba ta cancance shi ba. Ta ji shi tun daga ƙafa har ka. Sai dai bai kai ta ko bakin titi ba, domin da ta juya ta ga Gwaggo Azumi zaune a ƙasa tana kallon inda ɗakin kudu yake a da, ko hawaye babu.

Cikin sati guda aka kori Zailani, aka gurfanar da shi gaban kwamitin bincike. Yara suka sa masa waƙa, ya daina fita. Majalisar birni ta nemi wanda ya fi kowa sanin ginin ƙasa, ba ta ga kowa ba sai 'yar Sarkin Magina wadda ta ceci rai ɗari biyu. Aka ba Tabawa kujerarsa, aka ce ta tayar da soron kamar yadda yake.

Da ruwa ya ɗauke ta zauna ta fara rubutawa. Kwana arba'in tana zuba wa Rumbu duk abin da ta sani: awon ƙasa, awon ruwa, awon ciyawa, kwanakin da kwaɓi ke yi kafin ya nuna, tsawon azara da kaurinta. Tana da hoton soron ta kowace kusurwa, ba ta rasa ko tsagi ɗaya ba. Ta saki zanzaron. Suka yi tubali dubbai cikin yini biyu, suka ɗaga bango tsaf, suka fara bakan gizo. Da suka kai inda bakan ke fara lanƙwashewa, sai ya zame ya zube. Ta gyara lambobi. Ya sake zubewa. Ta rage ruwa, tubalin ya farfashe. Ta ƙara, ya narke. Ƙasar da aka haƙo yau ba irin ta jiya ba ce, ta bakin rami ba irin ta cikinsa ba ce, kuma injin ba ya jin bambancin, abin da aka rubuta masa kawai yake bi. Sau bakwai ana ɗagawa yana zubewa, har rani ya ƙare, bazara ta shigo.

Ranar da na bakwai ya zube, ta kashe zanzaron duka. Suka sauko suka jeru a ƙasa. Ta cire takalmi, ta naɗe hannun riga, ta shiga ramin kwaɓi da kanta. Ƙasar ta yi mata sanyi a ƙafa. Sai a lokacin ta lura cewa tun da take ba ta taɓa yin tubali ko ɗaya da hannunta ba. Ita dai tana gefe da allo, mahaifinta yana cikin rami.

Ta ɗebo ƙasa ta dunƙula, ta yi ƙoƙarin fitar mata da tsini kamar yadda ta sha gani. Ta ajiye. Ya baje. Ta sake wani, ya tsage ta gefe. Gwaggo Azumi tana zaune a inuwar wata bishiya, don kullum sai ta zo ta zauna har la'asar. Tabawa ta fito da dunƙulen a tafin hannu ta durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, duba mini. Ruwan ne ya yi yawa, ko ya yi kaɗan?"

Tsohuwar ta dubi ƙasar, ba ta taɓa ta ba.

"Ni daga bakin ƙofa na yi kallo, 'yar nan, ba a sa mu a rami ba. Biyu ne suka san amsar wannan. Ɗaya mai hular ya kore shi. Ɗayan ke kika goge shi, ni kuma na ce amin."

Tabawa ta zauna a ƙasa da dunƙulen a hannunta, yana tsiyaya ta tsakanin yatsunta. A bayanta zanzaro dubu takwas suna jere cike da caji, suna jiran umarni. Gidajen ƙasa ashirin da shida da suka rage ba a yi musu yaɓen bana ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.